Yaro zai iya yin SS1 zuwa SS3 a gida? Dan Allah masu sani ku shigo

Maman Abba:
Assalamu alaikum 'yan uwa barkanmu da warhaka. Dan Allah shawara nake nema kuma ina roƙon wanda zai amsa ya karanta har ƙarshe. Yarona na fari shekararsa 14, ya gama JSS3 ya rubuta BECE kuma Alhamdulillah sakamako ya yi kyau, matsalar ita ce sikila gare shi, duk hunturu da damina sai mun sha kwanciya a asibiti, in ya warware ya koma makaranta an wuce shi babu mai komawa baya saboda shi, kuma ni ban ga laifin malaman ba tunda aji cike yake da yara. Fitar sassafe cikin sanyi a adaidaita ita kanta tana tayar masa da ciwon. Toh shine nake tunanin SS1 zuwa SS3 ɗin nan ya yi su a gida, mu ɗauko masu lesin ni kuma in tsaya a kai. NCE gare ni, zan iya Turanci da Hausa amma sayen, wato kimiyya, kam ba fannina ba ne. Babansa ya yarda rabi da rabi. Abin da nake son sani, doka ta yarda da haka? Ta yaya zai rubuta WAEC in ba ya cikin wata makaranta? Waɗanne darussa zamu ɗauka kuma ya zamu raba su a shekara ukun?

Hajiya Babba:
Wa'alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya mai ɗorewa. Amma 'yata ni dai ban goyi baya ba. Ɗa namiji mai tasowa ki ajiye shi tsakar gida daga shi sai ke sai ƙannensa? Makaranta ba karatun littafi kaɗai ba ne, a can yake koyon zama da mutane, a ɓata masa rai ya haƙura, ya ɓata wa wani ya ba da haƙuri. Kuma ciwon nan in aka nuna wa yaro cewa shi daban ne to haka zai ɗauki kansa har girma. Ki nemo makaranta kusa da gida kawai.

Baban Ilham:
Hajiya da girmanki amma zamanin ya canza fa. Lokacin korona a 2020 da aka rufe makarantu wata da watanni ai duk a gida muka yi da su, kuma ni a lokacin na gane ɗiyata ba ta iya raba lamba da lamba ba alhali kullum ana kawo min rifot mai kyau. Ga kuma tsaro, tun satar ɗaliban da aka yi a Ƙanƙara da Jangebe iyaye nawa ne suka cire yara daga makarantar kwana. Maman Abba ki yi abinki Allah ya dafa miki.

Hajiya Babba:
Ai ita ba tsaro ta ce ba, kar mu haɗa.

Barista:
Bari in amsa ɓangaren doka tunda shi ne na farko a tambayarta. Dokar UBE ta 2004 ta wajabta wa iyaye su tabbatar yaro ya yi firamare da ƙaramar sakandare, shekara 9 kenan, kuma har hukunci ta tanada ga wanda ya ƙi. Yaronki ya riga ya gama wannan zangon. Babbar sakandare ba ta cikin wancan wajabcin, saboda haka ba ki karya ta ba. Sai dai ki sani babu wani ofishi da zai ba ki satifiket ɗin cewa ya yi karatu a gida, jarrabawar da zai rubuta ita ce kaɗai shedarsa. Takardar sakamakon BECE da testimoniyal na JSS3 ki je ki karɓo su yanzu ki adana, kar ki bari sai an buƙata.

Malamin Sayen:
Hajiya Maman Abba sannu da ƙoƙari. Na daɗe ina koyar da Kemistiri a babbar sakandare kuma ina yin lesin a gidaje, toh zan faɗa miki yadda na ga abin. Mafi yawan masu wannan niyyar suna farawa da sayen littattafai da allo da tebur, ni kuma nace ki fara daga ƙarshe. Mai gini sai ya san hawa nawa zai yi kafin ya haƙa fandisho. Me yaron yake son karanta a jami'a? Wannan amsar ita zata faɗa miki darussa huɗun da zai rubuta a JAMB, su kuma su faɗa miki kiredit biyar ɗin da dole ya samu a WAEC ko NECO, daga nan sai ki san me zaki koyar ran Litinin da safe.

Hanyar jarrabawa kuwa a buɗe take. WAEC suna da ta masu zaman kansu, wadda mutane suka fi sani da GCE, kuma tun 2018 sau biyu ake yinta a shekara, ɗaya wajen Janairu zuwa Fabrairu ɗaya can ƙarshen shekara. NECO ma suna da tasu ta waje wajen Nuwamba da Disamba. Ba a tambayar makaranta, ba a tambayar makin gwajin aji, kai ne zaka yi rijistarka ka zaɓi gari a tura ka santa. Satifiket ɗin jami'o'i suna karɓa kamar na 'yan makaranta. Darussa takwas ko tara ake zaɓa, kiredit yana farawa daga C6 zuwa sama har A1, D7 da E8 ba kiredit ba ne kar wani ya ruɗe ki.

Maman Abba:
Malam Allah ya saka da alheri wlh har na ji sanyi a raina. Babansa likita yake so ya zama.

Malamin Sayen:
Babansa na ji, shi yaron fa?

Maman Abba:
Shi dai kullum yana kan kwamfuta, ko wayata ce ta rikice shi ke gyarawa. Amma a gaban babansa in aka tambaye shi sai yace likita.

Malamin Sayen:
Toh a zauna da shi a tambaye shi ba a gaban babansa ba. Amma akwai sauƙi a nan, Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri, Bayoloji, waɗannan biyar ɗin in ya riƙe su duka ƙofofin biyu a buɗe suke. Likitanci a JAMB Turanci ne da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji, injiniya ko kwamfuta kuma Lissafi ke maye gurbin Bayoloji. Kinga ba sai an yi rigima yanzu ba, akwai shekara biyu kafin a cike fom. Abu ɗaya, kwas irin likitanci jami'o'i da yawa a zama ɗaya suke son kiredit biyar ɗin, wasu kwasa-kwasan kuma ana haɗa zama biyu, saboda haka a shirya shi kamar mai zama ɗaya.

Uncle Sadau:
Ni fa ban ga abin wahala ba. Ki bar shi ya huta a gida yana ɗan lesin, in lokacin SS3 ya zo akwai makarantun da ake biya su saka sunansa cikin ɗalibansu ya rubuta ta Mayu da Yuni, kuma suna taimaka wa yara a cikin hol. Kowa haka yake yi.

Malamin Sayen:
Ba kowa ba. Kuma dan Allah kar a ba ta wannan shawarar. Jarrabawar 'yan makaranta tana tafiya ne da makin gwajin aji da makarantar ke turawa, yaron da bai taɓa zama ajinsu ba daga ina makin zai fito in ba ƙirƙira ba? Ƙarya ce tun daga rijista. Sannan irin waɗannan santocin su ne ake riƙe wa sakamako ko a soke gaba ɗaya, har wanda bai ji ba bai gani ba ya shafe shi. In ma ya tsira, JAMB a kwamfuta ake yi shi kaɗai da allo, tambaya 180 cikin awa biyu, wa zai taimake shi a nan? In ma ya tsallake wannan akwai lebul wan, shekarar farko a jami'a, tana jiransa, ni na ga yara masu A1 a Kemistiri da ba su iya daidaita ikweshin ɗaya ba, ƙarshe aka sallamo su. Uwar da ta yarda zata zauna shekara uku a kan ɗanta ba wannan take nema ba.

Barista:
Kuma laifi ne a doka, akwai dokar maguɗin jarrabawa ta 1999, iyaye ma ba su fita ba.

Uncle Sadau:
Toh ni dai na faɗi abin da ke faruwa a ƙasa, ku yi ta turanci.

Ummi:
Anti Maman Abba ni na yi irin wannan karatun, bari in faɗa miki ta ɓangaren yaro. Bayan JSS3 aka cire ni na yi hadda, da na sauke sai aka ɗauko min masu lesin na rubuta NECO ta waje, yanzu ina jami'a Alhamdulillah. Karatu kam ya fi shiga, abin da ake kwashe sati ana yi a aji ni da malama a zama biyu mun gama saboda in ban gane ba a take zan ce ban gane ba babu mai min dariya. Amma kaɗaici gaskiya ne Anti, maganar Hajiya Babba kar ki watsar da ita. Ƙawayena suna hirar intahaus da wane malami yace kaza ni ba ni da abin cewa, a hankali suka daina nemana. Sannan da na shiga jami'a ranar farko a lab ban san yadda ake riƙe fifet, bututun nan na auna ruwa, ba, a hoto kawai na san shi, 'yan gurup ɗinmu suka ture ni gefe na koma mai rubuta musu lamba. Abu na uku ban saba da a ba ni lokaci a ce tashi ba, a gida in ban gama ba ana jirana, sai da na sha wuya kafin hannuna ya yi sauri. In zaki yi, waɗannan ukun ki nemo musu magani tun yanzu.

Hajiya Babba:
Yauwa 'yar albarka. Abin da nake faɗa kenan.

Maman Abba:
Ummi na gode ƙanwata, maganar lab ɗin nan ita ce ke hana ni barci. Malam ya ake yi da firaktikal a GCE?

Malamin Sayen:
A ta masu zaman kansu ba a ba ka kayan aiki a hannu, takarda ce ake kira madadin firaktikal, za a zana maka buret, bututun gilashi mai ma'auni, ko ma'aunin wuta a ce karanta, ka cike tebur, ka zana giraf, ka fitar da silof, a Kemistiri a ce an zuba kaza a kan kaza me zaka gani. Mutane suna ɗauka sauƙi ne, alhali wanda bai taɓa ganin ruwan ya canza kala da idonsa ba haddacewa kawai yake yi kuma da an juya tambayar ya ɓace. Saboda haka ko jarrabawa ba ta nema ba sai ya taɓa kayan. Fiziks da yawa ana iya yi a gida da kuɗi kaɗan, zare da ɗan ƙarfe da agogon waya sun isa gwajin lilo, rula mai mita ɗaya, sifirin, madubi, gilashin ƙara girma, batir da waya da ƙwan fitila. Bayoloji kuma gona da kasuwa da mahauta sun ishe shi, wake da masara ya jiƙa ya ga tsiro, fure ya yage ya zana, kifi da ƙashin akuya. Kemistiri ne ban yarda a yi a gida ba, asid da ƙananan yara a gida ɗaya a'a. Wannan sai an nemi makaranta mai lab a yi magana da shugabanta, ko da ranar Asabar ne. Akwai kuma PhET na jami'ar Colorado, kyauta ne, ana gwaje-gwajen a kwamfuta, yana taimakawa amma ba ya maye gurbin hannu.

Anti Manchester:
Sannunku da gida. Mu a nan Ingila abin sananne ne, doka cewa ta yi iyaye su tabbatar yaro yana samun cikakken ilimi ko a makaranta ko ta wata hanyar, in zaka cire shi wasiƙa kake rubuta wa makarantar, kuma ba dole sai ka bi manhajar gwamnati ba. Amma GCSE, jarrabawar sakandare ta nan, kai zaka nemo santa kai zaka biya kowane darasi. A Amurka ma duk jihohi 50 an halatta, Jamus kuwa haramun ne. Abin da nake so ki ɗauka daga masu yi a nan shine ba su yi su kaɗai, iyaye huɗu biyar suke haɗuwa, wannan ta iya lissafi ta ɗauki yaran duka ran Talata, waccan ta ɗauke su wani darasin ran Alhamis, a haɗa kuɗi a ɗauko malamin sayen ɗaya. Kuɗi ya ragu yara kuma sun samu abokai. Ki duba ko a asibitin da kuke zuwa kilinik babu wata uwar mai irin damuwarki, na tabbata ba ke kaɗai ba ce. Kuma in kuna da tunanin karatun waje akwai IGCSE ta Cambridge da ake rubutawa ta British Council a matsayin mai zaman kansa, sai dai tsada, in a gida zai yi jami'a WAEC ta wadatar.

Ɗan Maraɗi:
Mu ma nan Nijar akwai shi, kandida libir muke ce ma wanda ya yi rijistar BEPC ko Bak, jarrabawar gama ƙaramar sakandare da ta babba, ba ta hannun lakwal wato makaranta ba. Abin da na lura wanda ke cin nasara cikinsu shi ne mai zuwa kur wato lesin na dare ko mai shiga gurup ɗin 'yan tarminal, wato ajin ƙarshe, suna aiki a allo tare. Wanda ya kulle kanshi ɗaki shi ɗaya da wuya ya kai. Allah ba yaro lafiya.

Malam Na Zaure:
Ni abin da ke ba ni mamaki yadda ake maganar kamar baƙon abu ne daga Turai. Karatun zaure fa? Ɗalibi ya zo da littafinsa ya zauna gaban malam, a biya masa gwargwadon abin da zai iya ɗauka, ba a wucewa sai ya gane, ya gama Ahalari ya shiga Ishmawi ya shiga Iziyya ya kai Risala, babu aji babu zango amma akwai tsari, kowa ya san me ke bin me. Nana Asma'u a gida ta yi karatu kuma ta tsara jajis, wato malamai mata, suna bin mata har gidajensu da karatu. Saboda haka asali muna da shi. Sharaɗin dai biyu ne a can ma, malami wanda ya san fannin da kuma bibiya kullum. In babu su to zaman banza ne aka yi masa suna. Kuma Hajiya kar a ce don yana gida a tara masa boko safe da yamma a manta da Alƙur'ani, ki bar shi a Islamiyyarsa ta yamma, nan ma ai mutane ne.

Hajiya Babba:
Malam a zaure ai da sauran ɗalibai ake zama, ba a ɗakin uwa ba.

Malam Na Zaure:
Wannan gaskiya ne Hajiya, ban musa ba.

Maman Abba:
Islamiyya kam ba zai bari ba in sha Allah, a layinmu take. Malamin Sayen dan Allah rabon shekarun fa, kar in takura maka.

Malamin Sayen:
Babu takura. Farko ki sauke silabus ɗin WAEC na kowane darasi da na JAMB, kyauta suke a intanet, ki buga su a takarda ki manna a bango, duk abin da aka gama a sa masa alama. Manhajar makarantu hukumar gwamnati ta NERDC ke fitarwa, ita zata nuna miki me ake yi a SS1 me ake yi a SS2, amma silabus ɗin jarrabawa shi ne alƙali. Ki lura a 2025 gwamnati ta sake fasalin manhajar, an rage yawan darussa, an shigo da darasin fasahar zamani da na zama ɗan ƙasa da tarihi, darussan sana'a kuma aka mayar da su shida, ciki akwai haɗa sola da gyaran kwamfuta da waya, kinga wannan kamar don yaronki aka yi. Saboda wannan canjin duk shekara ki riƙa duba jerin darussan da WAEC ta fitar wa masu zaman kansu kar ki dogara da na yayyensa.

Shekarar farko ni ba na gaggawa. Wata na farko ma ba sabon abu za a yi ba, gwada shi za a yi a lissafin JSS, firakshin, desimal, aljebra, saboda yaron da ya sha fashin makaranta dole akwai ramuka kuma duk wanda ya faɗi Fiziks da Kemistiri in ka bincika lissafi ne ya kayar da shi. Sai an toshe su sannan a shiga indisis da logaritim da kwadiratik. Kemistiri a tsaya a kan atom da rubuta fomula da daidaita ikweshin da lissafin mol har sai ya zama kamar sunansa, ko zai ci zango guda, domin duk abin da ke gaba a kansu yake zaune. Fiziks awo da motsi da ƙarfi. Bayoloji ƙwayar halitta da rabe-raben halittu, shi wannan yana iya karanta da yawa da kansa.

Shekara ta biyu ita ce mai nauyi, nan ake wutar lantarki da haske da sauti, nan ake oganik, nan ake tirigonometiri, nan ya kamata kuɗin lesin ya fi yawa kuma nan ake buƙatar lab sosai. Shekara ta uku rabinta a ƙarasa silabus rabinta tambayoyin shekarun baya da agogo a gabansa, in lokaci ya cika a karɓe takarda ko yana tsakiyar kalma, maganin abin da Ummi ta faɗa kenan. A shafin WAEC akwai rahoton manyan masu maki, suna faɗin inda yara suka fi faɗuwa a kowace tambaya, malamai da yawa ma ba sa karantawa, ke ki karanta.

Turanci tunda naki ne, insha'i ɗaya duk sati mai kalma wajen 450 kamar yadda ake nema, wasiƙa, muhawara, labari, sannan samari wato taƙaitawa, nan yaranmu suka fi zubar da maki, da kuma darasin furuci. Ki sa shi karatun littattafan labari da jarida da yawa. Hausa da Islamic Studies ki saka su cikin taran, kiredit ne masu kyau kuma ba a raina su.

Lokaci kuma, awa uku zuwa huɗu na karatu na gaske a rana sun isa, ki fara da hantsi in sanyi ya sake shi, darasi biyu ko uku a rana ba tara ba. Kuma tunda kin san watannin da jikinsa ya fi tashi ki saka abubuwa masu nauyi a watannin da yake da ƙarfi, hunturu a bar shi na bita da karatu a kwance, ki bar makonni a jadawalin babu komai saboda ranar da ciwo zai zo, in ya zo ba a wuce shi ba tunda shi ne ajin. Wannan ita ce fa'idar da babu makarantar da zata ba shi.

Nas Hauwa:
Malam ya yi daidai a nan. In ƙara, ruwa a kusa da shi koyaushe, kuma damuwa ita ma tana tayar da ciwon ba sanyi kaɗai ba, kar gida ya koma wurin tsoro saboda an kashe kuɗin lesin. Jarrabawar ƙarshen shekara da ta Janairu duk a sanyi suke faɗowa, ku yi shawara da likitansa kafin lokacin, rigar sanyi da ruwa da maganinsa su shiga lissafi.

Baban Ilham:
Tambaya Malam, tunda a gida ya fi sauri me zai hana ya gama a shekara biyu ya shiga jami'a da wuri?

Malamin Sayen:
Ƙa'idar shiga jami'a shekara 16 ce, in bai cika ta ba to ko ya gama sai ya jira, kuma saurin me ake? Ni shawarata ya zauna ta ƙarshen shekara in ya shiga shekararsa ta uku, in wani darasi ya ƙi sai ya gyara a ta Janairu in darasin yana cikin waɗanda ake yi a lokacin, sannan ya rubuta JAMB sakamako na hannu ba ana jiran tsammani ba. A yi masa NIN tun yanzu a tabbatar suna da ranar haihuwa daidai suke da na sauran takardunsa, JAMB ba ta rijista sai da shi, kuma gyaran suna daga baya wahala ce. Ya saba da amsa tambaya a kwamfuta, WAEC ɗin masu zaman kansu ma tun 2024 sun fara yinta a kwamfuta.

Maman Twins:
Ku yi haƙuri in kawo maganar da ba a so, kuɗi. Malamin Fiziks daban na Kemistiri daban na Lissafi daban, kowa da kuɗin motarsa, in kika haɗa zai iya fin kuɗin makarantar kuɗi. Kuma mai lesin yau ya zo gobe yace an yi masa rasuwa jibi waya a kashe, ɗan bautar ƙasa kuma yana da arha amma shekara ɗaya ya tafi ki koma neman wani. Sannan ke kanki Maman Abba, ga girki ga ƙannensa ga baƙi ga biki ga suna, ranar da ke ce ba ki da lafiya fa? Kuma yaro ɗan 14 ba ɗan firamare ba ne, akwai ranar da zai kalle ki yace shi ba zai yi ba, a makaranta yana jin kunyar malami a gida ke Mama ce. Ban ce kar ki yi ba amma babansa ya shigo ciki gaba ɗaya, rabi da rabin nan ba zai kai ku ba.

Tsohuwar Firinsifal:
Na karanta duka. 'Yata akwai hanya ta tsakiya da ba wanda ya ambata sosai. Ki samu makarantar jeka-ka-dawo mafi kusa da ku, ki je da takardar likita ki zauna da shugaban, ki nemi yaron ya zama ɗalibinsu na gaske mai suna a rijista, yana zuwa ranakun lab da gwaji da jarrabawar zango da duk ranar da jikinsa ya yarda, a ɗauke masa asambuli da aikin horo da sharar fili, sauran karatun ku yi a gida bisa tsarin da Malam ya zana amma kuna bin jadawalin zangonsu. Na yi wa yara irin wannan lokacin ina aiki. Kinga ya samu lab, ya samu abokai, ya samu makin aji na halal, ya samu testimoniyal wanda wasu manyan makarantun ke tambaya ranar rijista, kuma wani ne daban yake gwada shi ba mai koyar da shi ba, wannan yana da muhimmanci domin mai lesin ba zai taɓa ce miki yaron bai iya ba. Ba kowane shugaba zai yarda ba, in sun ƙi GCE tana nan.

Hajiya Babba:
Toh wannan na yarda da shi. Ya dai riƙa fita yana ganin 'yan uwansa.

Malamin Sayen:
Ni ma in an samu haka ya fi, sai dai a rubuta yarjejeniyar a takarda domin in an canza shugaba kar sabon yace bai san zancen ba. Illarsa ɗaya, dole ku bi saurinsu, wancan 'yancin na ɗaga abu mai nauyi zuwa bayan hunturu zai ragu.

Maman Abba:
Jiya da daddare na zauna da shi na karanta masa maganganunku. Yace shi abin da ya fi ƙona masa rai a makaranta shine ya dawo daga asibiti a ce ga gwaji yau, amma kuma baya so ya rabu da abokansa, kuma wai in za a bar shi yana so ya riƙa zuwa shagon gyaran waya na ƙanin babansa ran Asabar. Maganar likita yace a bar shi tukuna. Babansa ya ga rubutun Malamin Sayen yace zai ɗauki nauyin mai Lissafi da Fiziks. Akwai makaranta a bayan layinmu da ƙafa ma ana zuwa, zamu je mu ga shugabar da takardar asibiti, in ba ta yarda ba mu koma tsarin gida gaba ɗaya mu nemi lab na Asabar. Anti Manchester ranar kilinik zan yi cigiya cikin iyaye.

Maman Nana:
Dan Allah kafin a watse, ni tawa mace ce kuma ba sayen take so ba lauya take son zama, mu ma muna tunanin gida saboda nisa. Tsarin ɗaya ne?

Malamin Sayen:
Hanyar jarrabawar ɗaya ce, kuma ke kin huta da maganar lab. Amma Literature dole ne ga mai son lauya, a WAEC da JAMB duka, kuma littattafan da ake karantawa ana canza su bayan 'yan shekaru, ki tabbatar jerin da zaki saya na shekarar da zata zauna ne ba na wanda ya gama ba. Sai Government ko History, da Islamic Studies, da Hausa ko Larabci. Lissafi kar ta ajiye shi. Shekararta nawa kuma ta rubuta BECE?